Hukuncin Cuku Da Khal, Da Aikin Halittun Da Ido Ba Ya Gani

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci babba da ƙarami, Ya sanya wa kowane abu gwargwadonsa, Ya halatta wa bayinSa daɗaɗan abubuwa, Ya haramta musu ƙazamai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, tambaya ta yawaita a tsakanin Musulmi game da waɗansu kayan abinci da ake sarrafawa a masana'antu, kamar cukun kanti, da khal na kwalba, da farin magi. Wani ya ji an ce da kayan cikin alade ake yin cuku, wani ya ji an ce khal giya ce aka sake wa suna, wani kuma an aiko masa da saƙo ta waya ana rantsuwa a ciki, ba a san ma wanda ya fara rubuta shi ba. Mutane sai suka rabu biyu. Waɗansu suna haramta duk abin da ya fito daga kwali, waɗansu kuwa duk abin da ya shiga hannunsu sai baki, ba tambaya. Duka biyun akwai haɗari a cikinsu. Allah Ya haramta mushe da jini da naman alade a Suratul Baƙara, aya ta 173, Ya kuma yi hani a Suratun Nahli, aya ta 116, ga mutum ya saki harshensa yana halattawa yana haramtawa a kan ƙarya, domin yin haka ƙirƙira wa Allah ƙarya ne. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san tun a shafin farko an koya masa kada ya aikata abu sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ya kuma tambayi malamai. Su malamai kuwa sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka tilas ne a fara da sanin abin da ke daskarar da madara ta zama cuku, da abin da ke juyar da giya ta zama khal, sannan a koma ga maganar malaman fiƙihu.

Halittun da ido ba ya gani

A Suratul Haƙƙa, aya ta 38 da ta 39, Allah Ya yi rantsuwa da abin da mutane ke gani da abin da ba sa gani. A Suratun Nahli kuma, aya ta 8, bayan Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya ba da labarin cewa Yana halittar abin da mutane ba su sani ba. Daga cikin abin da aka daɗe ba a sani ba akwai ƙananan halittu masu rai, waɗanda ke cike da ruwa da ƙasa da iska da cikin mutum kansa. Cokali ɗaya na ƙasar gona yana ɗauke da ɗaruruwan miliyoyinsu. Wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya fara hango su a shekarun 1670, da madubin ƙara girma da ya goge da hannunsa. Bayan kusan shekara ɗari biyu, a 1857, Louis Pasteur na Faransa ya nuna cewa tsamin da madara ke yi aikin irin waɗannan halittu ne. Daga cikinsu akwai bakteriya, akwai yis da ake sa wa burodi da waina, akwai kuma funfuna irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu.

Matan ƙasar Hausa sun daɗe suna sa waɗannan halittu aiki ba tare da sun san sunansu ba. Bafulatana takan tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya, ta rufe ƙwarya, da safe ta tarar da kindirmo. Mai daddawa takan dafa kalwa, ta surfe, ta sake dafawa, ta lulluɓe ta kwana biyu ko uku, sai wari ya tashi, kalwar da haƙori ba ya iya fasawa ta yi laushi ta zama abin daɗin miya. Bakteriyar da ke wannan aiki a cikin kalwa masana suna kiranta Bacillus subtilis.

To, da me waɗannan halittu ke aiki, alhali ba su da hannu ba su da haƙori? A 1897 wani Bajamushe, Eduard Buchner, ya niƙe yis har ba sauran ƙwaya mai rai, ya tace ruwan, ya zuba sukari, sai ga shi yana tsimuwa kamar yadda yake yi da yis mai rai. Nan aka gane cewa halittar tana da waɗansu kayan aiki da take ƙerawa a jikinta, su ne ke aikin ko da ita ta mutu. Waɗannan kayan aiki su ake kira inzayim, kalma ce ta Girkanci mai ma'anar abin da ke cikin yis.

Surar inzayim da aikinsa

A 1926 James Sumner na Amurka ya tabbatar da cewa inzayim nau'i ne na furotin, wato irin sinadarin da ya yi yawa a nama da ƙwai da wake. Mai karatu ya sawwala carbi mai tsawo, wanda aka shirya da duwatsu iri ashirin, ana kiran kowane dutse amino asid. Wani carbin yana da dutse ɗari biyu, wani ɗari uku, wani ya haura dubu. Da zarar an gama shirya shi sai ya naɗe kansa, kamar yadda ake naɗa rawani, naɗi ɗaya tak wanda jerin duwatsun ya hukunta. A cikin wannan naɗi akan sami wani ɗan lungu, inda duwatsu biyu ko uku da suke nesa da juna a jikin zaren suke haɗuwa gaba da gaba. A wannan lungu ake aikin. Abin da za a sarrafa yakan shiga ciki, a yanka shi ko a haɗa shi da wani, ya fita, wani ya shigo. Inzayim ɗin kuwa ba ya raguwa, kamar almakashin tela ne, ya yanka yadi dubu yana nan yadda yake.

Kowane inzayim da abin da yake karɓa. Wanda ke yanka sitaci ba ruwansa da kitse, wanda ke narka kitse ba ya taɓa furotin. Emil Fischer ya misalta wannan a 1894 da kwaɗo da makullinsa. A 1958 Daniel Koshland ya ƙara da cewa lungun yakan motsa ya rungumi abin da ya shigo, kamar yadda tafin hannu ke dunƙulewa a kan abin da aka danƙa masa. Saurin aikin kuwa abin mamaki ne, akwai inzayim da ake kira katalas wanda ƙwaya ɗaya tasa takan yi aikinta sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya. Amma duk wannan ƙarfi ya rataya ne a kan naɗin. In zafi ya yi yawa sai naɗin ya warware, lungun ya ɓace, aiki ya tsaya, kamar farin ƙwai da aka dafa, ba ya komawa ruwa. Dalilin ke nan da ya sa Bafulatana ba ta zuba ragowar nono a cikin madara mai zafi, da kuma ya sa tafasa ke hana miya lalacewa da wuri.

Bambancin gado

Jerin duwatsun kowane inzayim a rubuce yake a cikin zaren gado da ke jikin halittar, wanda ake kira DNA. Rubutu ne mai haruffa huɗu, kowane haruffa uku suna nuna dutse ɗaya. A 1997 aka gama karanta rubutun bakteriyar daddawa baki ɗaya, aka tarar da haruffa kimanin miliyan 4.2, masu ɗauke da umarni sama da 4,000. Idan halittar za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun, wani lokaci kuwa harafi ɗaya yakan sauya a wajen kwafa. Ɗalibin Larabci ya san abin da ɗigo ɗaya ke iya yi, domin tsakanin Rahim da rajim ɗigo ne kawai a ƙarƙashin harafi, na farko sunan Mai jinƙai, na biyu siffar Shaiɗan jefaffe. Haka nan sauyin harafi ɗaya a rubutun gado, wani ba ya sauya kome, wani yakan kashe inzayim, wani kuma yakan ba shi jure zafi ko gishiri ko tsami. Ƙananan halittu suna kuma miƙa wa juna guntayen wannan rubutu ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ta haka aiki ɗaya yake da ma'aikata iri-iri, kowanne da yanayin da ya dace da shi.

Ga misali biyu. Bakteriyar daddawa da danginta suna fitar da inzayim mai yanka furotin da ake kira sabtilisin, mai dutse 275, irinsa ake sa wa garin sabulun wanki tun shekarun 1960 don ya cinye tabon jini da na miya. A cikin hanjin mutum akwai wani mai irin wannan aiki. Da masana suka gwada su biyun sai suka ga jerin duwatsunsu bai yi kama ba, naɗinsu ma dabam, amma a cikin lungun aikin duwatsu uku ne iri ɗaya, a tsaye a tsari ɗaya. Misali na biyu, a 1969 Thomas Brock da ɗalibinsa suka ba da labarin wata bakteriya mai suna Thermus aquaticus, wadda suka samo a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka. Ta fi jin daɗin rayuwa a zafin digiri 70, inzayim ɗinta kuwa yana jure zafin da ya kusa tafasa ruwa bai warware ba. Za a ga amfaninsa ga Musulmi nan gaba kaɗan.

Mumini in ya ji wannan ba ya ruɗuwa ya ɗauki sababi a matsayin Mai halitta. Inzayim sababi ne kamar yadda wuta take sababin ƙuna, wuta kuwa ta ƙi ƙona Annabi Ibrahim, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da Ubangijinta Ya umarce ta. A Suratul Baƙara, aya ta 259, an ba da labarin mutumin da Allah Ya matar shekara ɗari sannan Ya tashe shi, wanda da yawa daga malaman tafsiri suka ce Uzairu ne. Ya tarar da jakinsa ya zama ƙasusuwa, abincinsa da abin shansa kuwa ba su sauya ba. A wuri ɗaya aka sake wa ma'aikatan ruɓewa linzami a kan jaki, aka riƙe su ga barin abinci, alhali a al'ada abincin ne zai riga lalacewa.

Mas'ala ta farko: cuku

Allah Ya ambaci madara a Suratun Nahli, aya ta 66, a matsayin abin lura, yadda take fitowa tsarkakakkiya daga tsakanin tukar tumbi da jini. Furotin ɗin madara yana yawo ne a cikinta dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule an kewaye shi da wani irin gashi mai hana shi manne wa ɗan'uwansa. A ɗaki na huɗu na tumbin ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan mama akwai inzayim da ake kira kaimosin, mai dutse 323. Aikinsa ɗaya ne, ya yanke wannan gashi a gaɓa guda, tsakanin dutse na 105 da na 106. Da an yanke sai dunƙulen su manne wa juna, madara ta daskare, ruwa ya ware. Abin da ake ɗebowa daga wannan tumbi shi Larabawa ke kira infaha. Da ita Buzaye da Fulanin Nijar ke yin cukunsu, a waɗansu wurare kuwa da ruwan tumfafiya ake daskarar da madarar, wannan ba magana a kansa tun da tsiro ne.

Asalin cuku halal ne. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, cewa an kawo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, cuku a Tabuka, ya sa aka kawo wuƙa, ya yi bisimilla, ya yanka. In an ɗebi infaha daga dabbar da ake ci, wadda aka yanka bisa shari'a, ba saɓani a kan tsarkinta. Saɓanin yana kan infahar mushe, ko dabbar da wanda yankansa bai halatta ba ya yanka. Imamu Malik da Imamu Shafi'i suna ganin najasa ce, domin a cikin mushe take. Imamu Abu Hanifa yana ganin tsarkinta, domin ba abu ne da rai ke zama a cikinsa ba balle mutuwa ta same shi. An ruwaito magana biyu daga Imamu Ahmad. Ibn Taimiyya ya rinjayar da tsarki, yana kafa hujja da cewa sahabbai sun ci cukun Majusawa sa'ad da suka ci ƙasar Iraƙi. A ɗaya gefen kuma, babban malamin Malikiyya Abubakar Aɗ-Ɗurɗushi, wanda ya rasu a Iskandariyya a shekara ta 520 bayan Hijira, ya wallafa risala guda a kan haramcin cukun Rumawa. Mas'ala ce tsohuwa, manya sun saɓa a cikinta, ba ta cancanci a yi gaba saboda ita ba.

Abin da ya sabunta shi ne hanyar samun infahar. A 1874 Christian Hansen na ƙasar Denmak ya fara tace ta yana sayarwa ga masu cuku. Da cin cuku ya yawaita a duniya sai 'yan maruƙa suka kasa isa, har a shekarun 1960 da 1970 waɗansu masana'antun Turai da Amurka suka riƙa gauraya ta da fefsin, wani inzayim da ake cirowa daga tumbin alade. Nan jita-jitar alade ta samo tushe, a lokacin kuwa akwai gaskiya a cikinta. A daidai wannan zamani aka gano cewa wata funfuna mai suna Rhizomucor miehei tana fitar da inzayim mai yanka gaɓar nan ta 105 da 106, ko da yake yakan wuce gona da iri ya sa ɗan ɗaci in cukun ya daɗe a ajiye. Daga baya masana suka karanta umarnin kaimosin daga rubutun gadon ɗan maraƙi, suka kwafe shi, suka dasa a cikin bakteriya da yis da funfuna, sai ga su suna ƙera kaimosin wanda bai bambanta da na maraƙi ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1990, yau kuwa mafi yawan cukun masana'antun Amurka da Ingila da shi ake yi, fefsin ɗin alade ya ja baya ƙwarai. Har na raƙumi an kwafa. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa madarar taguwa ba ta daskarewa sosai da infahar maraƙi, bincike ya nuna kaimosin ɗin raƙumi ya dace da na saniya ne a wajen kashi 85 cikin ɗari na duwatsunsa, ragowar bambancin shi ya sa yake iya abin da na saniya ya kasa.

Wannan sabuwar infaha ba yanki ba ce na wata dabba, yankakkiya ko mushe. Misalinta kamar marubuci ne da ya kwafi rubutu daga wani allo, tawada tasa, takarda tasa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta duba wannan a zamanta na 22 a Kuwait a 2015. Ta tabbatar da haramcin infahar alade da najasarta, da halaccin ta dabbar da aka yanka, ta ambaci saɓani a kan ta mushe inda mafi yawan mahalarta suka tafi a kan hani, sannan ta halatta wadda aka samar ta hanyar kwafar umarnin gado. Amma in daga alade aka kwafo umarnin, hukumomin halal na Malesiya da Indunusiya ba sa karɓa. Saboda haka in an rubuta a jikin kwali cewa infahar ta ƙananan halittu ce, ko cewa cukun ya dace da waɗanda ba sa cin nama, to mai bin mazhabar Malik ya fita daga tsohon saɓanin, ya ci da bisimilla.

Mas'ala ta biyu: abin da ake ciyar da su

Ƙananan halittu dabbobin kiwo ne a masana'anta, ana zuba su a manyan tankuna ana ba su abinci, galibi sukari da sitaci da waken soya. Farin magi ma ta haka ake samunsa. A 1956 aka gano a Japan wata bakteriya mai fitar da sinadarin gulutamet, shi ne kuwa sinadarin da ke sa daddawa daɗi. To, yaya hukunci in an sa najasa a cikin abincinsu? Wannan ta taɓa faruwa. A ƙarshen shekara ta 2000 Majalisar Malaman Indunusiya ta haramta farin magin wani kamfani a can, domin an gano cewa abincin da ake renon irin bakteriyar da shi, waken soya ne da aka narkar da inzayim na alade. Ba a sami alade a cikin magin kansa ba, shugaban ƙasar na lokacin, Abdurrahman Wahid, wanda shi ma malami ne, ya ce a ganinsa halal ne. Duk da haka aka janye kayan daga kasuwa a farkon 2001, kamfanin ya sauya hanya, aka mayar masa da shaidar halal.

Kowane ɓangare yana da madogara a fiƙihu. Shehu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa shukar da aka shayar da najasa a cikin abubuwa masu tsarki, manomi ma ya san da taki ake samun dawa, ba wanda ya ce dawar najasa ce. Wannan shi ne istihala, wato abu ya juye daga haƙiƙaninsa zuwa wani abu dabam mai wani suna da wata siffa. A ɗaya ɓangaren, an ruwaito hani ga cin jallala, dabbar da ta mayar da ƙazanta abincinta, har sai an tsare ta ta tsarkaka, ga kuma tsananin da shari'a ta yi a kan alade musamman. Abin lura shi ne tun da akwai hanya mai tsarki, ba uzuri ga mai masana'anta Musulmi, ko mai sayar wa Musulmi, ya bi ta mai shubuha.

Mas'ala ta uku: khal

Idan aka bar ruwan inabi ko na dabino ko na rake, yis yakan faɗa ciki, ya bi da sukarin ta hannun inzayim kimanin goma sha biyu, ɗaya na miƙa wa ɗaya, har ya zama barasa. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, zabibi ya sha a ranar da kashegari har yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya sa a shayar da wani ko a zubar. Wannan iyaka ta dace da lokacin da yis ke buƙata a ƙasa mai zafi. Masu sayar da zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya sai su kula, abin sha mai zaƙi in ya kwana ya kwana a cikin zafi har ya fara kumfa yana tsartsa harshe, ya kama hanyar da ba a so.

Idan kuma iska ta sami barasar, sai wata bakteriya mai suna Acetobacter ta karɓi aiki da inzayim biyu, na farko ya juyar da barasar zuwa wani sinadari na tsaka-tsaki, na biyu ya mayar da shi tsamin khal. Abin da ke sa maye ya tafi ke nan, ko mutum ya sha kwalba guda ba zai bugu ba, sai dai cikinsa ya yi ciwo. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ci gurasa da khal ya kuma yabe shi. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye khal da kanta ta tsarkaka. Sun saɓa ne a kan wanda ya mallaki giya ya juyar da ita da gangan, saboda hadisin Anas da Muslim ya ruwaito cewa an tambayi Annabi game da yin hakan ya hana. Abu Hanifa ya halatta, Shafi'i ya ce in an jefa wani abu a ciki ba ta tsarkaka, Halil kuwa ya sanya giyar da aka mayar khal a cikin masu tsarki. Saboda haka khal na kwalba da ake sayarwa halal ne ga mai saye a mazhabar Malik, abin da aka hana Musulmi shi ne ya ajiye giya a gidansa da sunan zai mayar da ita khal.

Abin da ya wajaba

Inzayim ɗin bakteriyar ruwan zafin nan da aka ambata shi ne ginshiƙin wani gwaji da Kary Mullis ya ƙago a 1983, ana kiransa PCR. Akan ɗauki ɗan guntun rubutun gado, inzayim ɗin ya kwafe shi, a zafafa, ya sake kwafa, kowane zagaye adadin ya ninka, zagaye 30 ya ba da kofi sama da miliyan dubu. Da shi aka riƙa gwajin cutar korona a 2020, da shi kuma ake gane naman alade in an ɓoye shi a cikin wani nama. A 2013 irin wannan gwaji ya tona cewa akwai ɓurɓushin alade a waɗansu kayan abincin da aka kai wa fursunoni Musulmi a Ingila da sunan halal. Halittar da ido ba ya gani ta zama mai shaida a kan amanar 'yan kasuwa. Amma gwajin yana da iyaka, domin abin da aka tace ƙwarai ba ya barin rubutun gado da za a kama, don haka bai ɗauke wa mai sana'a nauyin faɗin gaskiya ba.

Mai ci bai kamata ya azabtar da kansa da waswasi ba. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa waɗansu sun kai kukan ana kawo musu nama ba su san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, Annabi ya umarce su su ambata da kansu su ci. Asali a kan abinci halacci ne har sai dalili ya tabbata. In dalili ya tabbata, ko shakka mai tushe ta shigo, to hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, na shida a Arba'una Hadisi, ya nuna cewa nisantar shubuha shi ne kuɓutar da addini da mutunci. Wanda ya bar abu don tsantseni ya kyauta, amma ba shi da ikon ɗora wa jama'a tsantseninsa da sunan haramci. Wanda kuma saƙo ya zo masa ta waya, ya tuna umarnin Suratul Hujurati, aya ta 6, na bincika labari kafin a yi aiki da shi, domin jita-jita ɗaya tana iya karya jarin bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, mai yaɗawa kuwa zai amsa tambaya a kanta.

Malami in an tambaye shi abin da ya shafi masana'anta, ya nemi masanin fannin ya bayyana masa yadda ake yin abin, sannan ya auna da nassi, domin umarnin tambayar ma'abuta sani a Suratun Nahli, aya ta 43, ya hau kan kowa a abin da bai sani ba. Masanin kimiyya kuma kada ya ce tun da madubinsa bai ga alade ba ya zama mufti. Al'umma kuwa tana buƙatar 'ya'yanta, maza da mata, su karanci ilmin ƙananan halittu su haɗa da tsoron Allah, domin abin da tsare halal ba ya cika sai da shi farilla ne na kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Allah Ya ciyar da Musulmi halal, Ya wadatar da su da shi ga barin haram, Ya sanar da su abin da zai amfane su, Ya tsare harsunansu daga faɗin abin da ba su sani ba. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.